Ranar da Na Ƙi Haɗa Bakan Soron Goni

Shekarun baya, tun ina da haƙoran tauna goro ba sai an daka min ba, ni magini ne a cikin Haɗejiya. Zancen karatu kam kada ku tambaye ni. Shekara uku na yi a makarantar allo, ranar nan malamin ya riƙo kunnena har gida, ya ce wa mahaifina, "Ga ɗanka. Na zagaya kan nan nasa ta ko'ina, ban ga ƙofa ba. A nema masa abin da ake yi da hannu." Haka aka kai ni wurin ubangidana, wani tsohon magini mai fuska kamar yanzu ya gama shan maɗaci.

Shekara tara ina bin sa. Na fara da taka ƙasa, na koma jefa tubali, kafin ya yarda in hau bango. A duk shekarun nan ban taɓa jin ya ce wa ɗan Adam aikinsa ya yi kyau ba. In aiki ya ɓaci, ƙafa zai sa ya ture. In ya yi daidai, sai ya wuce kamar bai gani ba.

Abin da ake gane magini da shi a wurinmu shi ne baka. Bango kowa na iya tayarwa. Amma in ɗaki ya yi faɗin da azara ɗaya ba za ta haye ba, to sai an ɗaura baka. Ka fito da azara daga wannan bangon, ka fito da wata daga wancan, ka ɗaure da igiya, ka lulluɓe da ƙasa, ka bari ta bushe, sannan ka hau kanta ka ƙara wani ɗaurin. Ɗauri bisa ɗauri, ɓangarorin nan biyu suna sunkuyo wa juna a sama, babu abin da ya tokare su daga ƙasa, har ranar da za su haɗu a tsakiya. Kafin ranar, abin da ke riƙe da su busasshiyar ƙasa ce da ikon Allah.

Ita kuwa ƙasarmu ta fadama munafuka ce. Waje sai ya bushe ƙarau kamar kasko, ciki na nan ɗanye shataf. Shi ya sa ubangidana ba ya rabuwa da basilla, irin ta dukawa. Zai soka ta can ciki, ya ɗan jira, ya zaro, ya ɗora a leɓensa. In ya ji sanyi, babu mai hawa ranar, ko da mai gidan zai yi birgima a ƙasa.

Akwai wani hali nasa da duk maginan gari suka sani. Ba ya zama a ƙarƙashin sabon bakan da ba hannunsa ne ya ɗaura ba. Ko ruwa ake yi, gara ya tsaya a waje ya jiƙe.

To a shekarata ta tara, aiki ya yi masa yawa, ya bar min wani ɗan ƙaramin zaure a unguwar marina, ya ce in yi abin da zan iya. Na ɗaura, na haɗa, na rufe. Ranar da ya zo dubawa, bayan azahar ne. Ya shigo, ya ɗaga kai, ya daɗe. Ya zagaya. Ya soka basillarsa nan da can.

"Wa ya ɗaura wannan?"

"Ni ne, Baba."

Ya jawo wata tabarma da ke jingine, ya shimfiɗa ta daidai ƙarƙashin mahaɗar bakan, ya cire hula ya yi matashi da ita, ya kwanta. Jama'a, mutumin nan ya yi munshari har la'asar. Mu duka muna bakin ƙofa cirko-cirko, babu mai tari. Da ya farka, ya kakkaɓe hula, ya ce, "Ƙudan unguwar nan ba su da tarbiyya." Ya fita abinsa.

Iyakar yabon da na taɓa samu daga gare shi ke nan. Amma ranar, wallahi, ban san da me na taka ƙasa na isa gida ba.

Daga nan kuma kai ya kumbura. Ubangidana ya tsufa, ya koma wurin 'yarsa a Auyo, na fara karɓar aiki da kaina. Wani mai fataucin bandar kifi ya ba ni zaurensa. Ina kan ɗauri na biyu aka yi shelar su, wato kamun kifi na gayya, a wani tafki can wajen Baturiya. Ga ni da sabuwar homa, ragar kamun kifi, ga wani abokin wasana da na rantse a gaban mutane sai na fi shi kamu. Na ƙwanƙwasa ƙasar da yatsa, na ji ƙarau. Basillata na cikin aljihu, ina jin tana tsikarata a cinya, ban zaro ta ba. Na ɗora ɗauri na uku, na haɗa, na saɓi gora na tafi su. Kun san abin da na kamo? Tarwaɗa uku, waɗanda ko kyanwa sai ta yi tunani kafin ta ci.

Na dawo na rufe zauren. Damina ta faɗi. Wata rana da la'asar ana ruwa, mai kifin na zaune da baƙinsa, suka ji ƙara a sama. Baƙin suka yi waje. Shi kuwa ya tsaya laluben takalmi, azara ta sauko masa a ƙafar hagu.

Maɗori ya yi iya yinsa, ƙafar ta ɗoru a karkace. Dattawa suka ce ƙaddara ce, shi ma ya ce ya yafe. Ya yafe ɗin, amma bakinsa bai yafe ba. Ko a kasuwa ya hango ni, sai ya ɗaga sandarsa ya yi kira, "Jama'a, a matsa daga jikin bango, ga shi nan tafe!" Mutane su yi dariya, ni ma in yi, don ba ni da bakin yin fushi. Mutumin da ka karya wa ƙafa yana da ikon ya yi maka duk waƙar da ya ga dama.

Shekara bakwai babu wanda ya sake ba ni ɗaki. Na koma toshe katangar da awaki suka fasa, da yaɓen rumbu, da gina wa mata murhu. Sau da yawa na yi niyyar in watsar da sana'ar in bi masunta. Abin da ke hana ni ɗaya ne. In baƙin ciki ya taso min, sai in zauna in jawo ranar nan ta unguwar marina: tabarmar, hular, munsharin. In ce wa kaina, mutumin da ba ya zama a ƙarƙashin bakan kowa ya yi barci a ƙarƙashin naka. Hannun da ya ɗaura wancan shi ne dai wannan, ba a canza maka shi ba. Kamar goron da aka naɗe a ɗanyen ganye nake yi da abin, in ɓantari kaɗan in mayar. Don kada hannu ya manta, har akurkin kajin matata na yi wa baka. A duk Haɗejiya, kajinta kaɗai ke kwana a irin ginin manya.

Ana nan, wata shekara cikin bazara, gobara ta cinye rumfar karatun wani Goni a unguwarmu, wanda kakanninsa daga wajen Tafkin Cadi suka zo. Da ƙyar aka fitar da littattafansa, wasu sun ƙone a gefe. Ya rantse ba za su sake kwana a ƙarƙashin ciyawa ba, soro yake so mai faɗi wanda zai ɗauki littattafan da dattawan da ke ɗaukar karatu a wurinsa. Sai dai an kwashe manyan maginan gari an kai su gyaran ganuwa. Ya aiko a kira ni.

Na durƙusa, na ce, "Allah gafarta Malam, ka dai san ko ni wane ne?"

"Na sani," in ji shi. "Kai ne wanda ya rage."

Na so in ce a'a. Bakina ya ce to. Ina fitowa na san abin da na ɗauko. In wannan ya faɗi, a kan Goni zai faɗi, da littattafansa, da dattawan unguwa. Ba sauran zancen dariya a kasuwa. Sai dai in kwashi matata da kajinta mu bar garin, in ma an bar ni na fita da ƙafafuna.

Kuma kun san wa ke cikin masu ɗaukar karatun? Mai kifin. Kullum da hantsi zai ɗingiso da sandarsa, ya zauna a gindin tsamiyar da ke fuskantar ginin, ya miƙe ƙafar nan yadda ba yadda zan ɗaga kai ban gan ta ba.

Na nemi abokina, wanda muka taso tare muna taka ƙasa, ya zama shi ke miƙo min. Muka tayar da bango. Na zaɓi azara ɗaya bayan ɗaya, ta namijin giginya, baƙa mai nauyi. Ɗaurin farko ya tafi lafiya. Na biyu ma haka. Na ɗora na uku, ɓangarorin biyu suka miƙo kamar ƙahonnin sa, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba. Saura haɗawa.

Sai gabas ta fara canza fuska.

Ku da kuka san bazara kun san irin zafin nan da iska ke ɗaukewa, ganye ko motsi. Da yamma sai ka hango baƙi-baƙi can ƙasa-ƙasa, da walƙiya marar ƙara. Kwana biyu ana haka. A rana ta uku bayan azahar Goni ya fito da dattawa huɗu, suka tsaya a ƙarƙashin ginin.

Goni ya ce, "Magini, yau za ka haɗa."

Na hau, na zaro basilla, na soka, na jira. Na ɗora a leɓe. Sanyi. Na matsa gaba na sake sokawa. Sanyi kamar bakin randa.

Na sauko, na ce, "Allah gafarta Malam, ɗanye ne. Sai an ba shi kwana uku."

Wani dattijo ya nuna gabas da carbinsa. "Wancan zai ba ka kwana ukun?"

"In ruwa ya same shi a buɗe, ai ya narke," in ji wani. "Haɗa shi ya riƙe juna, a jefa rufi."

Maganarsu ba ta banza ba ce, shi ne abin da ya fi damuna. Bakan da ba a haɗa ba, in ruwa ya jiƙa shi sosai, nauyinsa kaɗai ya isa ya sauko da shi. Amma in na haɗa a kan ɗanye na ɗora masa rufi, zai tsaya kyam, kowa ya yaba, ya jira sai ranar da mutane ke ciki. Na riga na ga irin wannan sau ɗaya.

Mai kifin ya yi gyaran murya daga gindin tsamiya. "A nawa zauren sauri ya yi kamar ana binsa da wuta. Yau kuma ya zama mai haƙuri. Allah gafarta Malam, ba ƙasa ce ɗanya ba, zuciyarsa ce. Tsoron hawa yake."

Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Goni bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Ba na son gardama da mai sana'a a kan sana'arsa. Amma kai ma ka san ba kowa ne zai karɓi maganarka ba a garin nan. Gobe da azahar ka ba ni magana ɗaya. Ko ka haɗa, ko in aika bakin ganuwa a roƙo min wani ya haɗa."

Washegari da sassafe matata ta ajiye min kunu, na kasa sha. Ta ga ina kallon bango ina motsa baki.

"Maigida, ka koma unguwar marina ke nan?"

Ta san labarin, ta ji shi ya fi sau ɗari. Na ce, "Mutumin da ya yi barci a ƙarƙashin bakana ba zai..."

Ta katse ni. "Ni fa akwai abin da na daɗe ina so in tambaya. Ranar, bai sha fura ba kafin ya zo?"

"Wace irin fura?"

"To, tsoho ne, ga zafi, ga ciki ya cika. Ba mamaki barci ne kawai ya kama bawan Allah, ya ga inuwa ya kwanta. Kai kuma ka ɗauki abin ka yi rawani da shi shekara da shekaru."

Ba da mugunta ta faɗa ba. So take in sauka daga aikin tun ba a yi ɓarna ba. Amma jama'a, ji na yi kamar an zare tsani ina sama. Abu ɗaya tak da nake tsaye a kai, ta ce wataƙila fura ce. Na tashi, na sa takalmi, na kama hanyar Auyo.

Na bi ta fadama, ƙasa ta tsage ko'ina, kogi ya janye sai ɗan siririn ruwa da na haye da wando a naɗe. Ina tafiya ina waiwayen gabas. Na isa rana ta yi tsaka. Na sami ubangidana a ƙarƙashin rumfa, ya rame, idanunsa sun yi fari-fari. Sai da na faɗi sunan mahaifina sau biyu ya gane ni.

"A'a, ɗan kamun kifin nan ne? An ce ka kama tarwaɗa uku ka karya ƙafa ɗaya."

"Haka aka yi, Baba."

Na ba shi labarin soron Goni, da sanyin basilla, da hadari. Sannan na yi tambayar da ta kawo ni. "Baba, ka tuna wani zaure a unguwar marina, da ka kwanta ka yi barci a ciki?"

Ya tauna bakinsa. "Ni?"

"Kai, Baba. Har da munshari."

"Ban tuna ba."

Na ce a raina, shi ke nan, fura ce.

Sai ya ce, "Wa ya ɗaura bakan?"

"Ni."

"Kuma ka ga na kwanta da idonka?"

"Da idona."

"To me ka zo tambaya? Ni ko maye aka yi min ban taɓa kwanciya a ƙarƙashin shirme ba. In na kwanta, baka ne." Ya lalubo sandarsa ya zungure ni a ƙafa. "Kai kuma wane irin sakarai ne, ka bar gini a buɗe da hadari a gabas, ka zo tambayata barcin da na yi? Tashi ka ba ni wuri!"

Ban tsaya shan ruwa ba. Na juyo, rabi tafiya rabi gudu. Azahar ta wuce ina hanya, la'asar ta same ni a bakin gari. Ina shiga unguwa na ji wata mata na cewa ta cikin katanga, "Ai an ce ya gudu tun da safe." Na tarar da mutane cike a gaban ginin, abokina shi kaɗai a tsaye a bakin ƙofa ya baza hannuwa, wani da aka ɗauko daga bakin ganuwa yana naɗe hannun riga zai hau.

Abokina ya hango ni. "Ina ka shiga, ɗan banza? Saura kaɗan su haɗa da ni su yaɓe!"

Na wuce shi, na durƙusa gaban Goni, numfashina na fita da ƙyar. "Allah gafarta Malam, ga maganata ɗaya. Ba za a haɗa ba. Ni ne na karya ƙafar wancan bawan Allah, kuma na san yadda na yi na karya ta. Haka na yi, daidai irin abin da ake so in yi yau. In an ce wani ya hau, ba ni da ƙarfin hanawa. Amma a ba shi basillata ya soka ya ɗora a leɓensa tukuna."

Na miƙa wa mutumin. Ya dube ni, ya dubi jama'a, ya hau. Ya soka, ya zaro, ya ɗora a leɓe. Ya sauko a hankali yana warware hannun rigarsa.

"Allah gafarta Malam, ni dai ana jirana a ganuwa."

Ya tafi. Goni ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "To me kake so?"

"Zana. Duk zanar da ke unguwar nan. Da fatu, da tsofaffin tabarmi, da igiya."

Kafin magariba mun naɗe ɓangarorin nan biyu kamar masu jego. Kwana ɗaya ya wuce, ba ruwa. A rana ta biyu bayan azahar iska ta taso. Ta fara da ƙura da tsinkaye, sannan gari ya yi duhu kamar an kife ƙwarya. Na hau bangon kudu, abokina ya hau na arewa, kowa ya rungume zanarsa. Ruwa ya sauko kamar ana jifa da tsakuwa. Iska ta fizge zana ɗaya daga ɓangarena, na ga tana tafiya sama kamar shirwa. Ƙasar da ta buɗe ta fara zubar da jan ruwa. Na cire rigata na shimfiɗa, na kwanta a kai da cikina, a kan bangon, hannuna ɗaya ya miƙa yana danne fatar da ke kan azara. Ina jin bakan yana rawa a ƙarƙashin tafina, kaɗan-kaɗan, kamar dabba mai numfashi.

Abokina yana ihu ta cikin ruwa, "Sauko! Zai tafi da kai!"

Na ƙara danne fatar. Duk addu'ar da na sani, kuma ba su da yawa, na karanta ta na sake. Da suka ƙare, na koma abin da na fi haddacewa: in na kwanta, baka ne. In na kwanta, baka ne. Allah Ya yafe min, har ban san inda addu'a ta tsaya maganar tsoho ta fara ba.

Ruwan bai daɗe ba, irin na farko ne mai fushi. Da ya ɗauke, muka yaye zana. Yaɓen waje ya zube a wuri biyu, igiya ta fito fili. Amma ƙahonnin nan biyu na nan a tsaye, babu wanda ya sunkuya ko da faɗin yatsa.

Sai dai yanzu jira ya ƙaru, kwana uku sun zama shida. Kwanakin nan shida su ne mafi tsawo a rayuwata. Kowace safiya in soka basilla a gaban mutane, in girgiza kai, su yi tsaki su watse. Kowace yamma in zauna ina gadin gabas. Allah Ya taimake ni, ruwa ya yi irin hutun nan da yakan yi bayan na farko. A rana ta shida na ɗora basilla a leɓe na ji ɗumi. Na sake a wuri biyar. Ɗumi.

Na hau da azara huɗu. Kamu biyun nan na tsakiya, a kan iska ake ɗaure su, kana zaune a kan bakin ɗaurin da kai ka yi, ƙasa na can nesa. Na yi ƙulli na farko. Na yi na biyu. Da na ja igiyar ƙarshe na ji ɓangarorin sun ciji juna, na tashi tsaye a kan mahaɗar, na yi tsalle sau ɗaya kamar yadda ake yi. Ba ta motsa ba. Abokina ya zauna a ƙasa daɓas ya rufe fuska da hula.

Muka jera azarar rufi, muka yaɓe, muka shafe da makuba, mai hana ruwa cin ƙasa, damina na kan dugaduganmu. Aka shigar da littattafai. Amma dattawan karatu kowa sai ya sami dalilin zama a waje, wai ciki da zafi.

Ranar da aka yi ruwan farko na gaske, mai yini, na tafi na shiga ciki ina duba yoyo. Goni na zaune a kan buzunsa yana karatu kamar ba abin da ke faruwa. Dattawa sun rakuɓe a jikin bango ta waje suna jiƙewa. Can sai ga mai kifin a bakin ƙofa, ruwa na zuba ta gemunsa. Ya ɗaga kai ya dubi bakan, ya daɗe. Sannan ya zauna a kan dokin ƙofa, ya shigo da karkatacciyar ƙafar ciki, ya bar mai lafiyar a waje cikin ruwa.

Goni ya ɗago. "Wannan wane irin zama ne?"

"Allah gafarta Malam, in zai faɗo, ya faɗo wa wadda ta saba."

Goni ya yi dariya har littafi ya kusa faɗuwa. Dattawan da ke waje suka leƙo su ga abin da ake yi wa dariya, daga leƙe kuma aka shigo ɗaya bayan ɗaya. Kafin ruwa ya ɗauke ɗakin ya cika, mai kifin ma ya jawo ɗaya ƙafar, wai sanyi ya kama ta.

Kada ku zaci an yabe ni. Abin da Goni ya ce kawai, indararon da na sa yana zubar da ruwa daidai inda ake ajiye takalma, in zo in gyara. Amma kafin kaka mutum biyu sun aiko a kira ni, kuma ban bar Haɗejiya ba.

Abin da na gane daga baya shi ne, zagi ba ya buƙatar a ajiye shi, da ƙafarsa yake zuwa kullum da safe ya zauna a gindin tsamiya. Yabo kuwa sau ɗaya yake zuwa, wani lokaci ma wanda ya yi shi ya manta. In kai ba ka adana shi ba, babu mai adana maka. Sai dai a kula, yabon nan guda shi ya kumbura min kai na karya ƙafar mutum, shi ne kuma ya riƙe ni a kan bango cikin ruwa. Ranar da na ɗauke shi a kan na fi kowa, ya kai ni ƙasa. Ranar da na ɗauke shi a kan na taɓa yin daidai, don haka zan iya sakewa, ya tashe ni.

Da na zama ubangidan wasu, na rantse ba zan yi rowar baki ba. Kowa ya ɗora tubali sai in ce madalla. Na yi ta rabawa kamar ƙosan sadaka, har wata rana na ji ɗaya daga cikinsu, magidanci da gemunsa, yana ce wa ɗan'uwansa, "Kada ka ji daɗi, Baba ko jaki ne ya taka ƙasa sai ya ce ta kwaɓu." Tun daga ranar na ɗan tsuke bakin jaka. Yanzu sai na ga aikin da ni kaina zan so a ce nawa ne, sannan in kira mai shi gefe in faɗa masa sau ɗaya, a fili, da sunan abin da ya yi daidai. Don ban san shekara nawa zai yi yana ci daga ciki ba.